A Terminator 2, wai waye ekta waye bos?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da dukkan ma'aikatan wannan jarida tamu, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan fim, amma ba irin wadda aka saba ba ta wace jaruma ce ta yi aure, wace ce ta fito, waye ya sayi sabuwar mota. Ni maganar ginin labari nake so mu yi, yadda ake ɗora shi da yadda ake raba wa mutanen ciki matsayi, domin abin yana damuna yadda duk lokacin da aka ambaci fim ɗin Amurka na faɗa sai ka ji an ce ai wannan harbe-harbe ne kawai da ƙaryar kwamfuta, babu darasi babu labari. Wasu haka suke, ban musa ba, da yawansu ma. Amma akwai wanda in ka zauna ka kalle shi da idon mai rubutu sai ka ga an yi aiki na hankali, kuma misalin da zan kawo shi ne Terminator 2, wanda James Cameron ya ba da umarni ya fito a 1991.

Mu dai yadda muka taso da kallo, a gidan kallo ko a falon maƙwabta, mutum biyu muke nema a fim, ekta da bos. Da an kunna kaset tambayar farko kenan, waye ektan? Shi ba ya mutuwa, ko an harbe shi a kafaɗa ne. Bos kuma sai a ƙarshe zai mutu bayan yaransa sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba wauta ba ce fa, ko a tatsuniya haka muka saba, da an ce Gizo ka san wayo da haɗama za su zo, da an ce Dodo ka san wanda za a guje wa, ba sai an tsaya yi maka bayani ba. Marubutan fim na can ma da irin waɗannan guraben suke aiki, akwai jarumi, akwai malamin da zai nuna masa hanya, akwai mai gadi, akwai mai rikiɗa da ba a san gabansa ba, akwai mugu. Wani Ba'amurke Joseph Campbell ya yi littafi guda a kan haka tun 1949, yana cewa labaran al'ummu daban-daban kusan hanya ɗaya suke bi. To abin da ya sa wannan fim ya fita daban shi ne ya san mun san waɗannan guraben, sai ya ɗauki mutanen ya sauya musu wuri, kowa ya zauna a kujerar da ba tasa ba, kuma wannan sauyin shi ne labarin gaba ɗaya.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane. A na farko, na 1984, Arnold Schwarzenegger, wanda mu nan Komando muke ce masa har gobe, shi ne bos. Injin ne mai fatar mutum da wata kwamfuta mai suna Skynet ta turo daga shekarar 2029 ya zo ya kashe wata yarinya Sarah Connor mai aikin kai abinci a gidan cin abinci, saboda ɗan da za ta haifa shi ne zai jagoranci mutane su yaƙi injuna. Wani soja Kyle Reese aka turo ya kare ta, siriri, mutum ne mai jini da tsoro, shi ne ma ya zama uban yaron kuma ya mutu. Wannan shi ne abin da mai kallo ya shigo da shi a kansa bayan shekara 7.

Yanzu dubi yadda na biyun ya fara. Mutum biyu sun sauko tsirara kamar wancan karon. Komando ya shiga mashayar 'yan babur, ya karya hannun wannan ya jefa wancan kan murhu, ya ƙwace kaya da takalmi da babur, ya sa baƙin gilashi. Ɗayan kuma siriri ne mai fuskar kirki, Robert Patrick, sai ga shi cikin kayan ɗan sanda da motar 'yan sanda, yana zuwa gidan da ake riƙon John, ɗan Sarah, yana gaisuwa cikin ladabi yana neman hoton yaron. Kai mai kallo me za ka ce? Ai ka gama yanke hukunci, ga bos ya dawo ga kuma mai ceto. Kusan rabin awa ana jan ka a haka, har aka zo wannan siririn lungun na bayan kantuna inda yaron ya tsinci kansa a tsakiyar su biyu, Komando ya zaro bindiga daga cikin kwalin furanni, furannin suka zube ya taka su ya wuce, ya ɗaga bindigar saitin yaron, sai kawai ya ce masa ya duƙa. Ashe ɗan sandan ne aka yi wa harbin. Kuma in ka koma ka sake duba sin ɗin mashayar da kyau za ka ga bai kashe kowa ba, marubutan ba su yi maka ƙarya ba ko sau ɗaya, kai ne ka cike gurbin da kanka. Abin haushin shi ne tallan fim ɗin da aka yi kafin ya fito ya riga ya tona cewa Arnold na kirki ne wannan karon, masu kasuwa suka ɓata wa marubuta aiki, amma ginin yana nan a ciki ga duk wanda ya kalla.

Shi wannan bos ɗin, T-1000, narkakken ƙarfe ne, duk abin da ya taɓa mai girmansa zai iya zama shi. Mutane sun fi tuna aikin kwamfutar da ILM, kamfanin haɗa dabarun hoto na fim, ya yi, yadda yake tasowa daga daɓen asibiti ko ya ratsa ƙyauren ƙarfe, kuma gaskiya ne a lokacin ba a taɓa ganin irinsa ba, cikin Oscar 4 da fim ɗin ya ci har da na wannan. Amma ni abin da ya fi ba ni tsoro ba rikiɗar ba ce, wa yake zama? Ɗan sanda, sai matar da take riƙon yaron, sai mai gadi, a ƙarshe uwar yaron da kanta. Duk mutanen da yaro zai ruga wajensu in yana cikin tsoro. Akwai sin ɗin wayar tarho da ba na mantawa, John ya kira gida, matar tana masa magana da taushi tana cewa ya dawo ya ci abinci, shi kuma yaron ya ce anya, ai ba ta taɓa yi masa kirki haka ba. Komando ya karɓi wayar ya yi muryar yaron, ya tambayi lafiyar karen gidan amma da sunan da ba nasa ba, ita kuma ta ce lafiyarsa ƙalau. Ya ajiye waya ya ce wa yaron masu riƙonka sun mutu. Injin biyu suna yaudarar juna da muryoyin mutane, ba a harba harsashi ko ɗaya ba, amma an gaya maka komai a kan yadda wannan abokin gaban yake aiki da kuma cewa yaron ba shi da gidan komawa.

Sai John. Ɗan shekara 10 ne, kangararre, yana satar kuɗi a na'urar ATM da wata 'yar kwamfuta, ba ya jin maganar kowa, yana ganin uwarsa mahaukaciya ce da ta cika masa kai da ƙarya. A irin wannan labarin abin da aka saba shi ne babba mai ƙarfi ya koya wa yaro zama namiji. Nan kuma yaron ne malami. Da ya gane cewa injin dole ya bi umarninsa, farko wasa ya fara, ya ce ya tsaya da ƙafa ɗaya ya tsaya, sai ga shi saura ƙiris injin ya harbe wani bawan Allah da ya zo taimako saboda ihun yaron. Nan wasa ya ƙare. Ya ce masa ba a kashe mutane, injin ya ce don me, yaron ya rasa amsar da zai bayar sai dai ya ce ba a yi kawai. Daga baya ya sa shi ya ɗaga hannu ya rantse. Wannan ita ce doka ta farko da shugaban gobe ya kafa, kuma duba irin nauyin da ta ɗora wa marubutan kansu, fim ɗin faɗa ne, jarumin da ya fi kowa iya kisa a duniya, kuma tun kafin rabi an ɗaure masa hannu. Duk faɗan da zai biyo baya sai an nemo yadda zai yi shi ba tare da gawa ba. Shi ya sa sin ɗin da ya tsaya a tagar bene da bindiga mai jigida yana ragargaza motocin 'yan sanda yake da ma'ana, domin a ƙarshe an nuna abin da idonsa yake lissafawa, mutanen da suka mutu babu ko ɗaya. Da babu rantsuwar nan da sin ɗin hayaniya ce kawai.

Kuma ƙananan abubuwa da ake shukawa a girbe daga baya sun yi yawa a fim ɗin nan. Injin ya fasa wajen sitiyari zai tada mota, yaron ya sauke abin tare rana na gaban direba sai ga makulli ya faɗo, can gaba a tsakiyar tashin hankali injin ya shiga motar 'yan sanda, ya kai hannu zai fasa sai ya tsaya ya duba sama. Satar ATM ɗin da muka gani a farko ita ce ta buɗe musu ma'ajiyar Cyberdyne, kamfanin da zai ƙera Skynet. Ɗaga babban yatsa da yaron ya koya masa a sahara. Tambayar da ya yi a mota ganin hawayen yaron, me ya samu idonka. Babu wanda aka bari a banza. Masu rubuta mana labari, nan nake so ku tsaya, domin sau nawa muke kallon fim ɗinmu a kawo wani kawu ko wata wasiyya a minti goman ƙarshe wanda ba a taɓa ambata ba don kawai a warware rikici?

To amma duk wannan shimfiɗa ce, inda nake son zuwa shi ne Sarah, don ni a wajena ita ce ektan fim ɗin nan, ba Komando ba. Na san za a yi min ca, hotonsa ne a kwali, shi ne ya fi kowa karɓar kuɗi. Amma in ma'aunin shi ne wa labarin ya fi jijjigawa, wa ya kai bakin rami ya dawo, to ita ce, kuma muryarta ce take ba da labarin tun daga farko.

Yarinyar nan da muka bari a 1984 tana kuka tana gudu, yanzu mun same ta a asibitin masu taɓin hankali na Pescadero, ta kifa gado tana jan jikinta sama da hannu, damatsa duk jijiya, ido babu alamar wasa. Linda Hamilton ta yi wata da watanni tana horo kafin wannan rol ɗin kuma ya nuna. Ta san ranar da duniya za ta ƙone, 29 ga Agusta 1997, mutum biliyan 3, ta faɗa an ce mahaukaciya ce, an raba ta da ɗanta. Kuma lura, ba ta zauna jiran a cece ta ba, da ɗan ƙarfen maƙale takarda ta kwance kanta ta buɗe ƙofa, ta fasa wa ma'aikaci hanci da sandar tsintsiya, ta ɗora wa likita sirinji a wuya, ta kusa fita da kanta kafin su iso. Sai lif ya buɗe, fuskar da ta kashe mata uban ɗanta ta fito. Wallahi yadda matar nan ta zube ƙasa tana ja da baya, duk jarumtar ta gudu a daƙiƙa ɗaya, wannan kaɗai ya isa a ce an iya wasa. Kuma kalmar da injin ya faɗa mata yana miƙo hannu ita ce dai wadda Reese ya faɗa mata a na farko.

Abin da ya biyo baya a mota shi ya fi taɓa ni. Yaron ya yi kasadar ransa ya zo ya fitar da uwarsa, ta jawo shi jikinta, shi ya ɗauka runguma ce, ashe laluba shi take ko ya ji rauni, tana gamawa ta hau shi da faɗa, don me ka zo, ranka ya fi nawa muhimmanci, ba na buƙatar taimakonka. Ta daina ganinsa a matsayin ɗa, ta mayar da shi amanar da za a kai wani wuri. Tana son sa, ba shakka, amma son ya bushe ya zama aiki. Ka ga an jera maka su biyu a mota ɗaya, injin da yake koyon zama mutum da mutum da ta kusa zama inji, kuma yaron yana tsakiya. A sahara wajen abokinta Enrique tana zaune tana kallon yaron yana wasa da injin, take cewa a ranta duk mazan da suka zo suka wuce babu wanda ya cancanci zama uba gare shi sai wannan, ba zai bugu ya dake shi ba, ba zai ce ba shi da lokaci ba, ba zai tafi ya bar shi ba. Magana ce mai ɗaci ƙwarai in ka yi tunani, kuma ina ganin duk wanda ya taso babu uba a kusa zai ji ta a jikinsa.

Daga nan ne fim ɗin ya yi abin da ban taɓa ganin an yi shi da kyau haka ba. Bos ya ɓace. Tun daga asibiti har kusan faɗan Cyberdyne, T-1000 ba ya cikin labarin sosai, tsawon lokaci mai yawa a fim ɗin da bai kai awa biyu da rabi ba. A ƙa'ida wannan kuskure ne, tsakiyar fim takan mutu in babu mai bin jarumi. Amma ba ka ji ya mutu ba, saboda wata ta hau kujerar bos ɗin. Sarah ta yi mafarkin wutar nukiliya tana cinye yara a filin wasa, ta farka, ta ɗauki bindiga ta sa baƙaƙen kaya da baƙin gilashi ta tafi kashe Miles Dyson, injiniyan da aikinsa zai haifar da Skynet. Tsaya ka duba me take yi. Za ta kashe mutum saboda abin da bai riga ya aikata ba, don ta sauya gobe. Wannan ai shi ne ainihin abin da aka turo a yi mata a 1984. Har jan ɗigon hasken bindiga da aka ɗora a goshinta a wancan fim ɗin, yanzu ita ce take ɗora shi a ƙeyar mutumin yana zaune yana aiki a gidansa. Motar wasan ɗansa ce ta bugi ƙafarsa ya sunkuya, harsashi ya wuce ya fasa kwamfuta. Ta bi shi cikin gida ta harbe shi a kafaɗa, ya faɗi, matarsa tana ihu, ɗan ƙaramin yaronsa ya zo ya kwanta a kansa yana roƙo kar a taɓa babansa. Ga bindiga a hannunta, babu mai hana ta, Komando da John ba su iso ba tukun, kuma wannan yana da muhimmanci, da su suka hana ta da labarin ya lalace. Hannunta yana rawa, ta kasa. Ta ja baya ta sulale jikin bango tana kuka. Da John ya shigo ya rungume ta, a nan ne karon farko a fim ɗin ta ce masa tana son sa.

To Malam Edita a ina aka taɓa ganin fim ɗin da aka kashe wa kusan dala miliyan 100, mafi tsada a zamaninsa, amma ƙololuwar labarinsa ita ce harbin da ba a yi ba? Duk abin da ya zo bayan nan, helikwafta da tankar sinadari mai daskarar da abu da masana'antar ƙarfe, biyan bashi ne ga mai kallo da ya sayi tikiti. Ana buƙatarsu, ina jin daɗinsu, amma labarin ya riga ya juya a falon Dyson.

Shi ma Dyson ɗin, da wani marubucin ne sai ya yi shi mugun masani mai dariyar ƙeta da son mulkin duniya. A nan magidanci ne mai son iyalinsa, aiki ne kawai ya sha masa kai, yana ganin abin da yake ƙerawa zai amfani mutane, kuma bai ma san daga ina hannun ƙarfe da ɗan guntun ƙwaƙwalwar da kamfaninsu yake ɓoyewa suka fito ba, an ce masa kar ya tambaya shi kuma bai sake tambaya ba. Laifinsa kenan. Da Komando ya yanke fatar hannunsa ya zare ta a gabansa ya ga irin hannun da ke ofishinsu, bai tsaya gardama ba, ya yarda a rusa aikin rayuwarsa, kuma ya mutu yana riƙe da abin tada bam ɗin, yana numfashi da ƙyar yana jira 'yan sanda su fice. Joe Morton, wanda ya fito a matsayin Dyson, bai daɗe a fim ɗin ba amma nasa labarin cikakke ne, farko da tsakiya da ƙarshe. A wannan zamanin da kowa yake maganar ƙirƙirarriyar basira, ni Dyson ne yake faɗo min a rai fiye da injunan.

Ba wai fim ɗin ba shi da aibu ba. A masana'antar ƙarfe T-1000 ya soke Sarah a kafaɗa yana tilasta mata ta kira ɗanta, alhali shi da kansa yana iya yin muryarta, kuma ya yi hakan bayan 'yan mintuna. An yi ne don a nuna ta ƙi, na gane, amma hankali bai kama ba. Sannan maganar ba a kisa amma ana harbin mutane a gwiwa ana dariya, wanda aka fasa wa gwiwa ai an nakasa shi har abada, fim ɗin ya wuce wannan da sauri kamar ba komai. Maganganun Sarah na bayan fage ma wani lokacin wa'azin ya yi yawa, abin da hoto ya riga ya nuna sai a sake faɗa da baki. Kuma akwai kalmar da ta sassaƙa da wuƙa a kan tebur cewa babu ƙaddara, wato sai abin da mutum ya yi, wannan mu Musulmi ba haka muka yarda ba, ƙaddara gaskiya ce mai kyau da marar kyau. Sai dai in ka duba abin da mutanen labarin suka aikata, ba abin da suka faɗa ba, bai wuce kar ka naɗe hannu ba ka ce an riga an rubuta, wanda mu ma an umarce mu da riƙon sababi. A nan na tsaya da su, ban bi su gaba ba.

Ƙarshen kuma ya karya babbar dokarmu ta gidan kallo, Komando ya mutu, kuma ba bos ne ya kashe shi ba. An gama da T-1000, an jefa hannun da ƙwaƙwalwar a narkakken ƙarfe, sai ya nuna kansa ya ce saura ɗaya. Ba zai iya hallaka kansa ba sai dai wani ya sauke shi. Yaron yana kuka yana ba shi umarni kar ya tafi, kuma wannan ne umarni na farko da ya ƙi bi, injin da a farko aka ce ya tsaya da ƙafa ɗaya ya tsaya. Wadda ta danna maɓallin Sarah ce, bayan ta miƙa masa hannu sun gaisa. Cameron ya ɗauki wani ƙarshen daban inda aka nuna ta ta tsufa tana kallon jikarta a filin wasa komai ya yi daidai, sai ya cire shi ya bar titi cikin duhu, kuma ya kyauta da ya cire. Waɗanda suka zo daga baya ne suka ɓata lamarin, na 2003 ya ce ai ranar halakar ba ta da makawa an ɗaga ta ne kawai, wato mutuwar Dyson da ta Komando duk a banza kenan, na 2019 kuma ya kashe John tun a mintunan farko. Ni dai a wajena labarin ya ƙare a 1991.

Roƙona gare ka Malam Edita, shafin nishaɗin nan a riƙa ware ko rabin shafi ne a wata ana fede labarin fim guda, namu na Kannywood ko na Indiya ko na ko'ina, a ce ga inda aka shuka ga inda aka girbe, ga wanda ya sauya ga wanda bai sauya ba, a gayyato marubutanmu su yi da kansu don akwai masu ilimin abin sosai, ba a tambayarsu ne kawai. Sannan 'yan uwana masu fassara fina-finai zuwa Hausa, aikinku ya sa mutane da yawa sun fahimci abin da da sai dai su kalli hoto, Allah ya saka, amma don Allah in aka zo wajen da mutanen fim suka yi shiru ku ma ku yi shiru, ba ko'ina ake cusa barkwanci ba. Sin irin na falon Dyson in aka cika shi da surutu da kirari an kashe shi.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka mai karatu a kullum, daga Zariya